Kafin ka shiga tekun Dakar da allo: yadda ɗan Yamai zai karanta hasashen igiyar ruwa da iska

Ran Asabar da dare muna zaune a fada a Bukoki, ana kan shayi na biyu, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. Bana ya samu gurbin karatu a Dakar, kuma tun ranar da ya ga hotunana a kan allon hawan igiyar ruwa cikin teku ya ƙudurta sai ya koya. A fuskar wayar akwai jadawali cike da lambobi da ƴan kibiyoyi masu launi iri-iri. Ya ce, "Kawu, kwana uku ke nan ina kallon abin nan ban gane komai ba. Wace rana ce mai kyau a ciki?" Na ce ya jawo kujera. Abin da na faɗa masa a daren, da wanda na tuna daga baya, shi na rubuta a nan, saboda ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu masu zuwa Dakar suna da yawa, kuma na ga yadda teku ke jan wanda ya tashi a tudu.

Fara da kogin da ka sani

Duk mazaunin Yamai ya san kogin Isa sau biyu yake cika. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwa ja wur mai laka da tarkace, wanda ruwan saman da ya sauka nan kusa ya koro ta Sirba da Dargol da Goruwol. Sai cika ta biyu wajen Disamba da Janairu. Ana tsakiyar hunturu, babu ko ɗigo a sama, amma ka tsaya kan gadar Kennedy ka ga ruwa ya ƙaru, ya kwanta, yana tafiya da nauyi. Wannan ruwan Gini ne. Watanni ke nan da ya sauka a duwatsun can, ya bazu cikin fadamun Mali wajen Mopti, sannan ya iso mana a natse.

In ka riƙe wannan, ka riƙe rabin karatun. Igiyar ruwan teku ma iri biyu ce. Akwai wadda iskar yau ta tayar nan kusa da gaɓa: gajeru ne, a hargitse, wannan na hawa kan wancan, kamar jan ruwan damina. Akwai kuma wadda aka haifa can nesa, inda wata guguwa ta kwana biyu tana dukan teku a arewacin Atlantika, wajen Kanada ko kudancin Girinlan. Igiyoyin suka baro guguwar a baya, suka yi tafiyar dubban kilomita, a hanya suka jeru, ƙanana suka mutu, manya suka rage. Su ne ke isowa Dakar layi-layi, ko da sama tana garau. Ƴan Dakar suna ce mata hul, da Faransanci. Ni kumburin teku nake ce mata, don haka ake ganinta daga nesa, teku ya kumbura ya sauka ba tare da kumfa ba. Ita masu hawan allo suke jira, kuma tun da tafiyarta ta kwanaki ce, ana iya sanin zuwanta tun kafin ta iso. Duk jadawalin nan da ke wayarka lissafin wannan tafiya ne.

Wurin da muke magana a kai

Dakar tana zaune ne kan wani dogon hanci na ƙasa da ya shiga teku, kuma ƙarshensa, Almadi, shi ne wuri mafi nisa ta yamma a duk doron Afirka. Ruwa ya kewaye ta ta arewa da yamma da kudu, shi ya sa da wuya a rasa inda za a hau. Kusa da Almadi akwai ɗan tsibirin Ngor, tafiyar ƴan mintoci a kwale-kwale daga ƙauyen masunta ƴan kabilar Lebu. A gefen tsibirin ne igiyar da ake kira Damar Ngor, don hannun dama ake bin ta, take karyewa, wadda wani fim na Amurkawa ya sanar da duniya ita tun shekarun 1960. Daga ƙauyen nan Khadjou Sambe ta fito, mace ta farko a Senegal da ta mai da hawan allo sana'a, don haka ƴan matanmu ma kada su ɗauka maganar ta maza ce kaɗai.

A bakin rairayi, igiya takan zo ta fuskanci gaɓa gaba-gaɗi ta faɗi gaba ɗaya, ko ta karye yau nan gobe can, don yashi yana motsi. A hancin dutse abin daban ne. Igiya tana zuwa a karkace, gefenta guda ya fara taɓa wuri marar zurfi ya rage gudu, sauran jikinta da ke cikin zurfi ya lanƙwaso ya zagayo. Sai ta fara karyewa daga wuri guda tana bin gefen dutse a hankali, kamar yadda mai yadi a Babbar Kasuwa yake ɗan tsaga bakin ƙyalle da almakashi sannan ya yage shi tsaf har ƙarshe. Mai allo yana gudu ne gaban yagewar nan. Dutse ba ya motsi, don haka in lambobin yau suka yi daidai da na wata rana da ka taɓa gani, kusan abin da ka gani ran nan za ka sake gani. Wannan ne ya sa hasashe ya fi amfani a irin wannan wuri. Dama ko hagu kuma ana ƙidaya su ne daga mai hawa yana fuskantar tudu, ba daga mai kallo ba.

Gyara wayarka tukuna

Buɗe ɗaya daga cikin shafukan hasashe na intanet, Windguru ko Windy ko Surfline ko Surf-Forecast, ka nemi Ngor ko Almadies. Yawancinsu daga rijiya ɗaya suke ɗiba: lissafin kwamfutocin hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke sabunta hasashenta sau huɗu a rana, da na cibiyar hasashen yanayi ta Turai. Saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya fi gaskiya. Zaɓi biyu ka riƙa gwada su da juna.

Kafin ka karanta komai, sa tsayin igiya a mita, iska a kilomita cikin awa. Wasu shafukan da ƙafa suke awo, ƙafa ɗaya kuwa santimita 30 ce da ɗan kai, sai ka ga 5 ka firgita alhali mita ɗaya da rabi ce. Iska kuma sukan ba da ita a ma'aunin jiragen ruwa, wanda ɗaya daidai yake da kilomita 1.85 cikin awa. Sannan agogo. Yamai tana gaban Dakar da awa ɗaya. In kana duba jadawali daga gida, tabbatar lokacin wace ƙasa yake nuna maka.

Lamba ta farko: tazara

Idon kowa kan tsayi yake fara sauka. Ka hana idonka. Nemi layin da aka rubuta da sakan, wato lokacin da ke tsakanin wucewar igiya ɗaya da mai bi mata. A nan ake bambance jan ruwa da ruwan Gini.

Ga dalili. A cikin zurfin teku, in ka ninka tazarar da kanta ka sake ninkawa da 1.56, ka samu nisan da ke tsakanin ƙololuwa biyu a mita. Mai sakan 8 tsawonta kimanin mita 100 ne. Mai sakan 14 ta haura mita 300. Kuma motsin igiya yana sauka ƙasa har rabin tsawonta, don haka ta farko tana motsa ruwa zuwa zurfin mita 50, ta biyu har mita 150. Ka ga ke nan, ko da tsayinsu a sama ɗaya ne, ta biyun tana ɗauke da tulin ruwan da ido bai gani ba. Idan ta iso kan dutse duk wannan ƙarfin sama yake tashi. Ita ce kuma ta fi iya lanƙwasa ta zagaya hanci, don tun daga nesa take jin ƙasa.

A nawa gani, ƙasa da sakan 8 hargitsi ne, za ka jiƙe ka gaji. Daga 9 zuwa 11 ana hawa, kuma ga mai koyo ya wadatar. Daga 12 zuwa 14 hancin dutse ya fara nuna kansa, layuka su jeru. In ka ga 15 ko 16 ko sama, wannan ranar gwanaye ce, kai kuma ranar kallo ce gare ka daga kan dutse, kuma kallon ma karatu ne.

Akwai wani abu mai daɗi da za ka iya yi da lambar nan. Tawagar igiyoyi tana tafiya da gudun da ya kai tazarar sau 2.8, a kilomita cikin awa. Mai sakan 15 tana cin kilomita 42 a awa, wato wajen kilomita 1,000 a yini da kwana, kusan nisan Yamai zuwa Kwatano. Guguwar da ke nisan kilomita 4,000 a arewa maso yamma, kwana huɗu saƙonta zai yi a hanya. Buɗe taswirar Windy ka ja ta sama, ka ga inda iska ke juyi da jan launi a arewacin Atlantika, ka ƙidaya kwanaki. Kuma tun da masu doguwar tazara sun fi gudu, su ke fara isowa. Za ka ga jadawali ya nuna ƙaramin tsayi da sakan 17, washegari tsayi ya ƙaru sakan ya sauko 14, jibi 12, gata 10. Ranar farko mayaudariya ce: teku ya yi shiru na minti goma sha biyar, sai ga ayari ya taso daga nesa. Rana ta biyu da ta uku su ne suka fi daɗin hawa.

Lamba ta biyu: daga ina take zuwa

Ana ba da ita da digiri, kuma ana nufin inda ta fito. Arewa 0 ko 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270, arewa maso yamma 315. Kibiyar da ke jikin jadawali kuwa yawanci inda ta nufa take nunawa, to kada su rikita ka. In ka rasa gane kusurwa a Dakar, fuskanci gabas kamar za ka yi salla, arewa tana hagunka.

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da Turai ke cikin sanyi, kumburin yana zuwa daga arewa da arewa maso yamma. Shi ne abincin Ngor da bakin ruwan unguwar Yof da duk gaɓar da ke kallon arewa. In ya yi girma sosai kuma tazararsa doguwa ce, yakan zagayo Almadi ya shiga wuraren da ke kallon kudu, har Wakam, gaban masallacin nan da ke bakin teku a gindin tsaunukan Mamel. Daga wajen Mayu zuwa Satumba kuma, sanyi ya koma kudancin duniya, kumburin yana tasowa daga kudancin Atlantika, sai gefen kudu na Almadi ya farka. Sau da yawa za ka ga kumburi biyu ko uku a jere a jadawali guda. Karanta kowanne da tazararsa da kusurwarsa, ka tambayi kanka wanne ne ƙofar wurin da za ka take buɗe masa.

Lamba ta uku: tsayi

Yanzu ka duba tsayi. Abu biyu za ka sani. Na farko, lambar ta can cikin zurfi ce, ba tsayin bangon ruwan da zai tsaya gabanka ba. Mita 1.2 mai sakan 14 tana iya tashi ta wuce kanka a Ngor. Na biyu, lambar matsakaici ce ta kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi girma. Ma'ana, wasu za su fi ta, kuma jefi-jefi wata takan zo da ta kusa ninka ta. Ƙarfi kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: in tsayi ya ninka, ƙarfi sau huɗu yake zama. Mai mita 2 ba yayar mai mita 1 ba ce kawai, uwarta ce.

Iska

Kumburi shi ke kawo kaya, iska ke gyara shi ko ta ɓata. Iskar tudu, wadda ke fita daga ƙasa zuwa teku, tana riƙe fuskar igiya ta goge ta, har ka ga feshi yana tashi baya kamar gashin doki a guje. Iskar teku, mai shigowa tudu, tana turo igiya daga baya ta rushe ta kafin lokaci, ruwa ya yi ta tsalle-tsalle.

A nan ne siffar Dakar take da albarka. Daga Nuwamba har wajen Mayu iskar arewa da arewa maso gabas ce ke mulki, ƴar'uwar hunturunmu, wani lokaci ma har da hazon da muka saba. Ga Ngor da Yof masu kallon arewa, daga teku take shigo musu. Ga gefen kudu na Almadi da Wakam, iskar tudu ce. Iska ɗaya, ta ɓata nan ta gyara can, kuma tsakaninsu tafiyar ƴan mintoci ce a mota. Ngor ta fi son iska daga kudu ko kuma rashin iska ɗungum, shi ya sa a watannin nan sammako ne maganinta. Bi jadawali awa-awa za ka ga lambar iska tana ƙasa da asuba, tana hawa yayin da rana ke ɗagawa. Yi sallar asuba da allonka a jingine bakin ƙofa.

Ƙasa da kilomita 10 a awa, ko daga ina take ba damuwa. Iskar teku in ta wuce 20 ta lalata wurin. Iskar tudu kuma in ta haura 30 tana da nata haɗari, don tana tura mai koyo can ciki ba tare da ya ankara ba. Duba layin bugun iska ma, wanda ke nuna ƙarfinta in ta fusata. In ya yi nisa da lambar farko, ranar ba ta da natsuwa.

Cika da janyewa

Wannan ne abin da ɗan tudu ya fi mantawa, don koginmu ba ya yi. Teku a Dakar yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da kwana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka kullum lokacin yana ja baya da kimanin minti 50. In yau ya cika ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura goma. Bambancin bai kai mita 2 ba, amma a kan dutse rabin mita ma shi ne tsakanin ka wuce lafiya da ka bar fatar bayanka a can.

Mu da muke bin kwanan wata muna da sauƙi. Wata ne ke jan teku. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cika takan yi yawa, janyewa ma ta yi nisa, ruwa yana gudu da ƙarfi tsakaninsu. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, bambancin kaɗan ne. Igiya tana karyewa ne idan zurfin ruwa ya kusa daidai da tsayinta, ya ɗan fi kaɗan. Saboda haka da janyewa takan karye da sauri da kaifi, duwatsu su fito fili. Da cika sosai kuma ƙarama takan yi laushi ta ƙi karyewa. In ba ka san wuri ba, shiga lokacin da ruwa ya yi rabi yana kan hawa. Ko ka daɗe a ciki, ruwan ƙaruwa yake a ƙarƙashinka.

Haɗa su wuri guda

Ga misali, irin wanda na zana wa ɗan yayata a bayan kwalin sukari. A ce Talata: mita 1.8, sakan 7, daga arewa, iska kilomita 28 daga arewa. Alhamis ƙarfe bakwai na safe: mita 1.1, sakan 13, digiri 320, iska kilomita 8, ruwa zai cika ƙarfe tara da rabi. Ya nuna Talata, don lambarta ta fi girma. To Talata jan ruwa ce, iskar da ke kaɗawa ita ta tayar da shi, kuma tana kansa tana dagula shi. Alhamis ita ce ranar. Tazara doguwa, kusurwa ta dace da Ngor, iska tana barci, ruwa rabi yana hawa. Gwani zai kwana da shirin kwale-kwalen farko. Shi kuma mai koyo, Alhamis ɗin ma Yof zai nufa, ya tsaya inda kumfa ke turowa.

Game da nisan hasashe: na kwana ɗaya zuwa uku abin dogaro ne, musamman na kumburi, don ya riga ya kamo hanya. Na kwana huɗu zuwa shida nuni ne. Abin da ya wuce mako kada ka sayi tikiti a kansa. Iskar bakin gaɓa ta fi saurin sauya ra'ayi, don haka sake dubawa da dare, ka sake da asuba. Kuma ka riƙa sauraron sanarwar ANACIM, hukumar yanayi ta Senegal, wadda ke gargaɗin masunta in kumburi mai haɗari na tafe. Ranar da ƴan Lebu suka jawo jiragensu kan yashi suka zauna gyaran koma, ba ranarka ba ce, komai kyan lambobin wayarka.

Minti ashirin a kan dutse

Ka iso, allo a hammata, jini na tafasa. Ajiye shi ka zauna minti ashirin da agogo a hannu. Igiyoyi ayari-ayari suke zuwa, uku, biyar, wani lokaci fiye, sannan shiru. Ƙidaya nawa ne a ayari, wacce ce babba a ciki, minti nawa ne tsakanin ayari da ayari. Ƙidaya sakan tsakanin biyu ka gwada da abin da jadawali ya ce. Dubi inda ƴan gari suke shiga da inda suke fita, don ba lallai wuri ɗaya ba ne. Dubi inda kumfa ke tafiya bayan igiya ta mutu, nan ruwa yake ja.

Wannan zaman na taɓa tsallakewa sau ɗaya, a shekarata ta biyu. Na ga mita 1 a waya na raina ta, ban dubi sakan 16 da ke gefenta ba. Na iso na tarar da ruwa lumui, na faɗa. Ina tsakiyar iyo sararin gabana ya yi duhu. Ta farko ta fizge allon, ta biyu ta danna ni ƙasa har ƙirjina ya fara zafi, ta uku ta ajiye ni kan dutse. Duwatsun can cike suke da wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, kuma ƙayarta karyewa take cikin nama. Wani dattijo masunci ne ya kama hannuna ya fito da ni. Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ruwan zafi, ya yi ta cire ƙayoyin da hantsaki ɗaya bayan ɗaya daga tafin ƙafata, yana yi yana girgiza kai. Da ya gama ya ce, "Ɗana, ka tambaya kafin ka shiga?" Na ce a'a, Baba. Mako biyu ban sa takalmi ba, kuma waɗanda suka nutse sai da likita ya fitar. Baƙo ko da ido makaho ne, haka iyayenmu suka ce, kuma a bakin teku na ga gaskiyarsu.

Don haka yi sallama, ka gaisa, ka tambaya. In ka shiga, ka sani wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, ba a shiga gabansa. A hancin dutse wurin tashi ɗaya ne kuma ƙarami, layi ake bi kamar a famfo. Zauna daga gefe, ka bar masu gari su ɗauki nasu, za su yi maka alama in taka ta zo. Wajen komawa ciki kuma zagaya ta gefen zurfi, kada ka bi ta inda ake hawa.

Abin da za ka yi tun kana Yamai

Iyo. Iya tsallake wani reshe na kogi ba shi ne iya teku ba, ko da yake ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum. Nemi wurin wanka na zamani ka riƙa zuwa har ka iya mita 400 ba tsayawa, ka kuma iya tsayuwa cikin ruwa mai zurfi minti goma ba tare da ka taɓa komai ba. In ba ka kai nan ba, dakata da maganar allo. Ka kuma haddace wannan tun yanzu: in ruwa ya ja ka ciki, kada ka yi kokawa da shi kai-tsaye. Riƙe allonka, ka yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga hanyarsa, sannan ka juyo tudu.

Watanninka na farko a Yof za ka yi su, kan yashi, da babban allo mai laushi, tare da malami daga makarantun hawan allo da ke bakin ruwan. Unguwar ta mabiya ɗariƙar Layen ce, a can kabarin Seydina Limamu Lay yake, don haka kula da suturarka in ka fito daga ruwa. Kada ka je Ngor sai malaminka ya ce ka isa, kuma ranar farko tare da shi.

Kaya kaɗan ne. Zaren da ke ɗaure allo a ƙafa, duba shi kowace rana, in ya fara tsagewa canza shi. Kakin da ake goga wa allo don kada ƙafa ta zame. Takalmin roba saboda ƙayar nan. Sai rigar roba: mutane suna mamaki in na ce tekun Dakar yana sanyi, amma wajen Fabrairu da Maris iskar arewa tana ture ruwan sama, na ƙasa mai sanyi ya taso, har ya sauko digiri 20 ko ƙasa. Ga jikin da ya saba da zafin Afrilun Yamai, awa ɗaya a ciki ta isa haƙora su fara kaɗawa. Mai kaurin milimita 3 ta wadatar. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma ruwan yana kai digiri 27, gajeren wando da riga mai dogon hannu sun isa.

Na ƙarshe, sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da ka je bakin ruwa, ko ba ka shiga ba, rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, da lambobi huɗun nan kamar yadda waya ta ba ka, da lokacin cika, sannan layi biyu kan abin da idonka ya gani: ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, ya wuce kai, ya yi laushi, duwatsu sun fito. Fara tun yau daga gida da ɓangaren lambobin kawai, ka riƙa bin yadda kumburi ke tasowa da sakan 16 ya sauko 11 cikin kwana uku. Ɗan yayata ya fara nasa a daren, kafin a zuba shayi na uku, da layin Alhamis: mita 1.1, sakan 13, digiri 320.